Wai an gano sabuwar ƙwayar cuta a kawar Legas? Ku zo mu ji daga bakin mai ita

Alhaji Mile 12: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata murya da ake ta turawa tun jiya wai an gano sabuwar ƙwayar cuta a kayan ruwan Legas, su kawa da jatan lande da kirafish, wai kada kowa ya ƙara ci. Sau huɗu aka turo min ita har daga Kano. Da na bi diddigi sai aka ce min asalin maganar daga wajen yaronmu ne na cikin zauren nan mai karatun nan na ƙwayoyi. Ɗan Idi-Araba in kana kusa ka fito ka yi mana bayani da bakinka.

Hajiya Oyingbo: Wa alaikumus salam, Alhaji gwara da ka yi magana wlh. Tun safe kwastomomina biyu suka kira ni daga Sabon Gari suka ce in dakata da aiko da kirafish, alhali kayan suna ɗaure har na yi magana da mai mota. Ni kirafish ɗina ma daga Oron ake kawo min ba daga ruwan Legas ba, amma wa zai tsaya ya saurare ka.

Ɗan Idi-Araba: Baba ina nan, Hajiya don Allah ki yi haƙuri, laifina ne kuma na karɓa. Hoton farantin gwaji da nake shuka ƙwayoyi a kai na saka a sitatus na rubuta "wataƙila wannan sabuwa ce", abokan karatu nake nufi su gani, ban san zai fita haka ba. Bari in faɗi abin da ya faru daga farko. Aikin digirina na biyu a kan bakteriyar da ke zaune a cikin kawa ne, kawar nan da ke manne a saiwoyin itatuwan bakin lagun, sunanta na kimiyya Crassostrea tulipa. Ita kawa ba ta yawo neman abinci, tana nan a manne tana zuƙar ruwa tana tace shi, babba ɗaya in yanayi ya yi mata daidai tana iya tace kusan lita 190 a rana, to duk abin da ke cikin ruwan sai ya taru a jikinta, shi ya sa masu bincike ke sonta, kamar ka samu rariyar da ta kwana tana tace maka lagun ne. Na ɗebo su na niƙa naman na shafa a kan wani abincin ƙwayoyi mai kama da jeli da ake ce wa TCBS, na bar shi ya kwana a ɗumi. A kan wannan farantin ƙwayar kwalara rawaya take fitowa, wata ƴar'uwarta Vibrio parahaemolyticus kuma kore. Cikin waɗanda suka tsiro akwai guda ɗaya da gwaje-gwajen da na yi mata ba su zauna daidai da wadda nake zato ba, da aka karanta wani yanki na DNA ɗinta kuma sai kamanninta da na mafi kusa da ita ya zo ƙasa kaɗan da ma'aunin da ake bi. Iya abin da ya faru kenan. Babu wanda ya yi rashin lafiya, ban ce tana sa cuta ba, kirafish kuwa ko taɓa shi ban yi ba.

Hajiya Oyingbo: To amma kai da kanka kake ce mata ƙwayar cuta, in ba ta sa cuta me ya sa ake kiranta haka?

Ɗan Idi-Araba: Hajiya nan ne gizo ke saƙa. Mu a Hausa duk wata bakteriya ƙwayar cuta muke ce mata, kalmar da ta zauna a bakin mutane kenan, alhali mafi yawansu ba ruwansu da cuta. Kindirmon da muke sha da fura bakteriya ce ke kama shi, daddawar da ke cikin miyarki bakteriya ce ta ruɓar da kalwar har ta yi wannan ƙamshin, Bacillus ake ce wa danginta. Ni na ce sabuwar bakteriya, wanda ya fassara ya ce sabuwar ƙwayar cuta, na gaba da shi ya yar da ƙwayar ya bar sabuwar cuta.

Direban Epe: Allah sarki. Ni dai kullum ina ɗauko kaya daga kasuwar kifi ta Epe ban ga kowa ya faɗi ba.

Dokta Yaba: Salam. Na karanta duka, kuma ƙanina zan yi maka magana a gaban mutane tunda a gaban mutane abin ya fita, ba don in kunyata ka ba. Ka yi gaggawa, ko a sitatus bai kamata ka rubuta sabuwa ba tukuna. Tambaya ta farko, haruffa nawa aka karanta maka na 16S ɗin?

Ɗan Idi-Araba: Anti Dokta gefe ɗaya aka karanta, bai kai rabi da kwata ba gaskiya, kuɗin da nake da shi kenan.

Dokta Yaba: To ka gani. Bari in yi wa jama'a bayani don kada mu koma muna magana mu biyu. Kowace bakteriya tana da wani yanki a DNA ɗinta mai haruffa wajen 1,500 da ake kira 16S, wani masani a Amurka Carl Woese shi ya nuna a 1977 cewa da wannan yankin za a iya gane wa ke da dangantaka da wa, kamar yadda ake duba tsagen fuska a ce wannan daga gidan kaza ya fito. Da can ana cewa in kamanni ya gaza kashi 97 cikin 100 to wataƙila jinsi ne daban, daga 2006 aka ɗaga zuwa 98.7. Amma in gefe ɗaya ka karanta, kuma ba ka yanke bakin farko da na ƙarshe inda na'ura ke yin kuskure ba, kuskuren kaɗai ya isa ya saukar maka da lissafin har ka ga kamar ka samo abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Na ga ɗalibai da yawa sun yi murna a wannan matakin daga baya aka sake karantawa ta koma tsohuwar da kowa ya sani. Sannan dangin Vibrio suna da wata matsala tasu, jinsinsu ya haura 100 kuma da yawa 16S ɗinsu kusan iri ɗaya ne, biyu za su yi kama fiye da kashi 99 amma jinsi daban ne, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da kwafin wannan yankin da yawa waɗanda su kansu ba lallai su zama iri ɗaya ba. Don haka a wannan dangin 16S ƙofar gida kawai yake kai ka, ba ya shigar da kai ɗaki.

Alhaji Mile 12: Dokta to mene ne zai shigar da shi ɗakin? A yi mana a hankali, mu ƴan tumatir ne.

Dokta Yaba: Alhaji ranka ya daɗe, na farko ya tabbatar ƙwaya ɗaya ce a hannunsa ba biyu a cakuɗe ba, ya yi ta sake shuka ta daga ɗigo ɗaya har sai ta tsarkaka. Sai ya duba ta a madubin likita da rinin nan na Gram, wanda wani likita ɗan Denmak ya ƙirƙiro tun 1884 kuma har yau da shi ake farawa, wasu su riƙe shuɗi mai duhu wasu su koma ja-ja, Vibrio cikin masu ja take kuma a lanƙwashe kamar waƙafi. Sai halayenta, gishiri nawa take jurewa, a wane zafi take girma a wane take tsayawa, wane sukari take ci wane take bari, wane irin kitse ne a fatarta, kuma duk wannan ba ita kaɗai zai yi wa ba, sai ya sayo ƴan'uwanta na kusa waɗanda aka riga aka sani ya jera su gefe da gefe a rana ɗaya a abinci ɗaya, nan ne kuɗi ke tafiya. Babban alƙali kuma yanzu shi ne a karanta DNA ɗinta gaba ɗaya, jinom kenan, haruffa wajen miliyan biyar a irin waɗannan, a kwatanta da na ƴan'uwan. In kamannin ya kai kashi 95 zuwa 96 to jinsi ɗaya ne, magana ta ƙare. In ya gaza haka to a lokacin ne mutum zai fara cewa da alama. Kafin zuwan wannan ana narkar da DNA na biyun a haɗa a ga nawa zai manne, ma'aunin kashi 70 ne tun 1987, aiki mai wahala da ba kowane ɗakin gwaji ke iyawa ba, yanzu kwamfuta ke lissafa shi daga jinom.

Matashin Obalende: Anti to a Najeriya ana iya karanta jinom ɗin ko sai an kai Turai?

Dokta Yaba: Ana yi. Cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun ita ta fara karanta jinom ɗin ƙwayar korona a duk Afirka a watan Maris na 2020, ga cibiyar binciken lafiya ta NIMR nan Yaba, ta ɓangaren teku kuma ga cibiyar bincike ta NIOMR a Victoria Island. Ilimin yana nan, kayan aikin ne ake saye da dala.

Malam Agege: Assalamu alaikum. An tambaye ni a masallaci bayan azahar ko cin waɗannan abubuwa ya halatta tunda an ce akwai cuta. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, Annabi SAW da aka tambaye shi game da teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne, Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Amma halaccin abu daban, cutarwarsa daban, in likitoci suka tabbatar abu na cutarwa a wani yanayi to a wannan yanayin a bar shi. Abin da nake so in ji daga masana shi ne akwai cutarwa ko babu, don in san abin da zan faɗa wa mutane.

Maman Amira: Malam bari in amsa wannan tunda mu muke karɓar marasa lafiyar a asibiti. Ni wlh abin da ya dame ni a duk maganar nan shi ne mutane sun tsorata da wadda ba a ma tabbatar da ita ba sun manta da tsofaffin da muka sani suna kwantar da mutane. Kwalara ba a watan Yunin 2024 ta tashi a nan Legas ba, ta fi tsanani a Lagos Island, mun ga yadda ake kawo mutane sun zube ruwan jikinsu ya ƙare? Ita ma Vibrio ce. Ga parahaemolyticus ɗin da yaron ya ambata, a Japan aka gano ta a 1950 bayan mutum 272 sun kamu a Osaka daga cin wasu ƙananan kifi da ba su gama bushewa ba, 20 suka mutu, gudawa da murɗar ciki take sawa. Wadda ta fi ba ni tsoro kuma vulnificus ce, ita ba sai ka ci ba ma, in kana da ciwo a ƙafa ko hannu ka shiga ruwan gishiri ko ɓawon kawa ya yanke ka tana iya shiga, ƙafa ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa cikin kwana ɗaya biyu, a ƙididdigar Amurka kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka kamu ba sa tashi, kuma ta fi kama masu ciwon hanta da masu suga, kun san kuwa yadda ciwon hanta yake a cikinmu da yawa ba su ma san suna da shi ba. To amsar Malam ita ce ɗanye ko wanda bai dahu ba akwai haɗari, dafaffe babu laifi. A tafasa har ɓawon ya buɗe a ƙara minti 3 zuwa 5, wanda ya ƙi buɗewa a zubar. Lemon tsami da yaji ba sa kashe ƙwayar, don na san samarinmu da ke aiki a manyan otal na Island suna ganin baƙi na shan kawa ɗanya da lemon tsami su ɗauka shi ke nan. Kuma wuƙa da katakon da aka yi aikin ɗanye da su kada a yanka salak a kai.

Malam Agege: Madalla, Allah ya saka da alheri. Wannan zan faɗa.

Hajiya Oyingbo: To kun ji, kirafish ɗina an ƙyafe shi ya bushe ƙarau sannan a miya ake zuba shi ya tafasa. Don Allah duk wanda ya tura waccan muryar ya tura wannan ma.

Matashin Obalende: Ni dai in ta tabbata sabuwa ce a sa mata sunan Legas kowa ya san daga nan ta fito, ko sunan shi wanda ya gano ta, Bahaushe ɗan Idi-Araba a littafin kimiyya na duniya, abin alfahari ne wlh.

Hajiya Oyingbo: A'a ɗana, kada a soma. Ka tambayi mutanen Lassa a Borno, tun 1969 aka liƙa wa zazzaɓi sunan garinsu, yau ko ina ka ce Lassa ba gari ake tunawa ba sai ɓera da cuta. A sa sunan Legas ko Makoko ko Epe a kan ƙwaya, matan da ke fasa kawa su ci abinci su za su kwana a ciki.

Matashin Obalende: Hajiya ai wancan cuta ce, wannan an ce ba a san tana sa cuta ba.

Hajiya Oyingbo: Jiya ma ba a sani ba, ga kayana nan a ɗaure.

Dokta Yaba: Kowannenku yana da gaskiya a wani gefe. Mutum ba ya sa wa ƙwaya sunan kansa, ba a yin haka a al'adar masana, sai dai wani ya karrama ka. Sunan wuri kuwa ana sawa sosai, ko a cikin wata bakteriya da ake ce wa Salmonella akwai ire-iren da ake kira Lagos da Ibadan da Apapa, amma su ba jinsi ba ne, rassa ne, Salmonella jinsi biyu kacal gare ta rassan ne suka haura 2,500, wannan ma ya nuna muku ba duk bambanci ne ke zama sabon jinsi ba. Sunan cuta daban, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa saboda irin abin da Hajiya ta faɗa. Ni da za a tambaye ni sunan kawar zan zaɓa, an yi haka a Faransa, a 2004 aka bayyana Vibrio crassostreae daga jinin kawarsu aka sa mata sunan dangin kawar, akwai kuma Vibrio tapetis mai sa wa wata ƴar'uwar kawa zobe ruwan ƙasa a cikin ɓawo, ta yi wa masu kiwo ɓarna a can tun ƙarshen shekarun 1980 amma sai 1996 ta samu suna, ku duba tsawon lokacin. Ita wannan ƙwayar, dabbar take kamawa ba mutum ba. Sunan kuma da Latin ake gina shi, a buga bayanin a IJSEM, mujallar masana da ke tabbatar da sunayen bakteriya, ko a kai shi can a tabbatar, kuma tun 2001 sharaɗi ne sai ka ajiye ƙwayar da ranta a rumbunan ajiya biyu a ƙasashe biyu daban, irin su DSMZ a Jamus ko JCM a Japan ko LMG a Beljiyam, su ba ka takardar shaida cewa duk mai bincike da ya nema za a ba shi.

Direban Epe: Wato mu ɗebo daga ruwanmu mu kai musu su ajiye, gobe in an samu magani a cikinta su sayar mana? Wannan bai kwanta min ba Dokta.

Dokta Yaba: Damuwarka a kan hanya take Malam Direba, ba kai kaɗai ba ƙasashe ma sun yi wannan ƙorafin, shi ya haifar da yarjejeniyar Nagoya ta 2010 wadda ta fara aiki a 2014, cewa abin halitta na ƙasar da aka samo shi ne, a nemi izini kuma in an ci riba a raba. Amma dalilin ajiyar shi ma mai ƙarfi ne. In ka ce ka samo sabuwa ka riƙe ta a firizarka kai kaɗai wa zai duba ya gaskata ka? Kuma duk wanda ya yi aikin nan a ƙasar nan ya san abin da ɗauke wuta na kwana biyu ke yi wa firiza, ni kaina na taɓa rasa aikin shekara guda haka, na buɗe na tarar komai ya narke, na zauna na yi kuka. Da na ajiye a wani wuri da ban rasa ba. Abin da nake fata shi ne mu ma a samu rumbu irin wannan mai ƙarfi a nan wanda duniya ta yarda da shi, ɗaya a gida ɗaya a waje.

Alhaji Mile 12: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ita wannan in ma sabuwar ce, daga ina ta zo? Jiragen ruwan Apapa ne suka kawo ta ko dattin da ake zubawa a lagun?

Ɗan Idi-Araba: Baba jirage suna iya ɗauko ƙwayoyi a ruwan da suke cika cikinsu da shi don daidaita nauyi, datti kuma yana ƙara wasu, amma sabuwa a bakinmu ba tana nufin jiya ta zo ba, sabuwa ce a littafi. Tana iya yiwuwa tana cikin lagun ɗin nan tun kafin a gina gadar Carter ba wanda ya tsaya ya dube ta. Waɗanda aka sa wa suna bisa ƙa'ida sun ɗan haura 20,000 ne kawai, kuma mafi yawan bakteriyar da ke cikin ruwa ma ba sa yarda su tsiro a faranti. Ruwan Turai da Japan da Koriya an daɗe ana tace shi ana rubutawa, namu kaɗan aka taɓa, ga lagun ɗinmu gishirinsa na hawa da rani ya sauka da damina in ruwan Ogun ya cika shi, mazauna cikinsa ma canzawa suke da lokaci. Shi ya sa na zaɓi aikin nan kuma shi ya sa zumuɗi ya ɗebe ni. Anti Dokta na ji gyaranki, zan sake tsarkake ta in sa a karanta gefe biyu in yanke bakunan kafin in ƙara buɗe baki, in har yanzu tana ƙasa da ma'auni sai in nemi kuɗin jinom.

Dokta Yaba: Ka fara ajiye ta a gilisarol, ruwan nan mai kare ta in ta daskare, kwalba uku a firiza biyu daban tun yau, kada ka jira. Ka turo min fayil ɗin da na'ura ta fitar ba wanda aka gyara ba, zan duba da daddare. Kuma ka koma wurin da ka ɗebo ka ƙara ɗebowa, in ka sake samun irinta a wata kawar hujjarka ta fi ƙarfi a kan ƙwaya ɗaya tilo.

Direban Epe: In ta wajenmu ne ranar Asabar bayan asuba nake tashi daga Ketu, akwai wuri a gaba, ka zo da kularka ni zan samo ƙanƙara.

Ɗan Idi-Araba: Na gode Yaya, zan zo in sha Allah, sai dai kada kawar ta zauna kai tsaye a kan ƙanƙarar, sanyi mai yawa yana sa Vibrio ta ƙi tsirowa, zan zo da tsumma mu shimfiɗa a tsakani.

Alhaji Mile 12: To ɗana kafin Asabar ka yi murya ta minti ɗaya da Hausa, ka faɗi cewa kai ne mai hoton, babu sabuwar cuta, a dafa kayan ruwa da kyau, ka turo nan mu watsa ta inda waccan ta bi. Maman Amira ki ƙara taki a kan masu ciwon hanta da masu ciwo a ƙafa.

Ɗan Idi-Araba: Yanzu zan yi Baba, na ma goge sitatus ɗin.

Hajiya Oyingbo: Na tura wa mutanen Sabon Gari bayanin Maman Amira. Ɗaya ya ce in sa kayan a motar gobe, ɗayan bai ɗaga waya ba tukuna, in muryar ta fito zan tura masa ita ma.